Ampilin Baba a Filin Balo

A daminar da ƙasar Nijar ta karɓi ƴancin kanta, akwai wata yarinya a unguwar Sabon Gari, cikin Damagaram. Shekarunta ba su wuce sha ɗaya ba. Ga ta da wayo, ga kuzari. Aibinta ɗaya ne: bakinta yakan riga hankalinta.

Mahaifinta, Malam Luka, aikin allura yake yi a asibiti. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. In ya taso daga aiki, ba abin da yake so kamar kaɗa gitar. Gitar ɗinsa mai waya ce. Yakan haɗa ta da wani ɗan akwatin ƙara sauti da ake kira ampili. Ya saye su ne a hannun wani akawu ɗan Dahome da zai koma gida.

Ampilin nan ƙarami ne ƙwarai. Yaro ma yana iya rungumarsa. Da batir ɗin mota yake aiki. In an kunna shi, sai an ɗan jira fitilun cikinsa su yi ja kafin ya yi magana. A gabansa akwai buto, wanda ake murɗawa a ƙara sauti ko a rage. Malam Luka ya sa ƙusa ya yi ɗan zane a tsakiyar hanyar buton. Kullum yakan ce kada a wuce wannan zane.

Da shi yake kiɗa a majami'a ran Lahadi. Da shi yake zuwa gidan suna ko na biki, in maƙwabta sun roƙe shi. Bayan la'asar kuma yakan zauna gindin itacen dogon yaro na tsakar gida, ya rage sautin ƙasa ƙasa, ya koya wa ɗiyarsa. Tun yatsunta suna zafi har suka saba. Kafin damina ta faɗi, ta iya waƙoƙi da dama.

Ana cikin hutu sai malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, wanda suke kira Mushe Alkasum irin na Faransanci, ya aika a tara yaran lakwal da ke cikin gari. Ya ce ranar ƴanci ta kusa. Kowace lakwal za ta yi wani abin nuna murna, su kuma waƙa za su yi a gaban iyayensu.

Aji ya kaure da surutu. Wasu suka ce a sa ganga, wasu suka ce a yi tafi kawai. Yarinyar nan ta ɗaga hannu, har tana miƙewa kan yatsun ƙafa. Ta ce ita ta iya gitar, kuma babanta yana da ampili.

Wani yaro mai suna Mutari, ɗan gidan makaɗa, ya fashe da dariya. Ya ce ai ya taɓa ganin abin a gidan suna. Wai ko gyare ya fi shi murya, balle kalangun kakansa.

Yara suka yi dariya. Yarinyar ta juya ta fuskanci Mutari.

Ta ce, “Kai dai ba ka sani ba. Baba rage shi yake yi. In aka sake shi, har mutanen Gaffati, can bayan gari, sai sun ji.”

Mushe Alkasum ya tsawata, aka yi shiru. Shi bai taɓa ganin ampilin ba. Ya ce da nufinsa a yi waƙar a cikin babban aji. Amma in abin yana da ƙarfi haka, gara a fita filin balo, inda ake buga ƙwallo, kowa ya samu wuri.

Ya dube ta ya ce, “Kin tabbata zai cika filin?”

Ta tuna zanen ƙusa. Amma ta ga Mutari yana murmushi.

Ta ce, “Zai cika, Mushe. Har ya yi saura.”

Da ta koma gida ta faɗa wa iyayenta an zaɓe ta. Malam Luka ya yi murna har ya ɗaga ta sama. Mahaifiyarta, Inna Esta, ta ce za ta ɗinka mata sabuwar riga. Malam Luka ya yarda ta tafi da kayan wurin gwaji, tunda shi an tura shi garin Gidimuni yin allura, sai ya kwana biyu. Ya tambaye ta ko a cikin aji za a yi. Ta sunkuyar da kai, ta ce e. Maganar fili ba ta fito daga bakinta ba.

Ranar gwaji tun da hantsi ta shirya. Ƙawarta Barira ta zo taya ta ɗaukar kaya. Suka roƙi wani mai amalanke ya ɗora musu batir. Ita ta rataya gitar, Barira ta ɗora ampili a ka kamar tallan fura. Duk inda suka bi, yara sai su biyo su. Kafin su kai fili, sun tara ayari guda. Yarinyar tana tafe tana jin kanta kamar sarauniya.

A fili, Mushe ya jera masu waƙa. Ya tura wasu yara can bakin raga, su zama kamar ƴan kallo. Yarinyar ta haɗa wayoyi yadda Baba ya koya mata. Fitilu suka yi ja. Ta murɗa buto daidai kan zane, ta kaɗa.

Sautin ya fito da daɗi. Amma fili ba tsakar gida ba ne. Babu bango, babu rufi. Iska ta kwashe kiɗan ta watsar. Yaran bakin raga suka kama kunnuwansu, suna nuna ba su ji komai ba.

Mutari ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, wai mutanen Gaffati sun aiko a rage, an hana su barci.

Yarinyar ta ciji leɓe. Ta kai hannu ta murɗa buton, ya wuce zane. Sauti ya ƙaru. Yaran da ke kusa suka fara tsalle suna tafi. Daɗi ya kama ta. Ta ƙara murɗawa. Barira ta taɓa ta, ta ce akwatin fa yana rawa. Ba ta saurara ba. Ta murɗe shi har ƙarshe, ta tattara ƙarfinta ta daki tsirkiyoyin gitar gaba ɗaya.

Sai aka ji ɓarrr, kamar an yage sabon yadi.

Ta sake kaɗawa. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Kuka ne irin na kwaɗon tabki. Ta rage, ta ƙara, duk ɗaya. Wasu yara suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ko Mutari ya yi tsit da ya ga fuskarta.

Mushe Alkasum ya matso ya cire wayar batir. Bai yi mata faɗa a gaban yara ba. Ya sallami kowa, ya ce ta kai kayan gida, za su yi magana in mahaifinta ya dawo.

Komawa gida babu ayari. Daga ita sai Barira sai mai amalanke.

Inna Esta tana ganinta ta san ba lafiya. Yarinyar ta faɗa jikinta tana kuka, ta kwashe labari duka ta gaya mata. Ta roƙe ta ta faɗa wa Baba a madadinta. Inna ta share mata hawaye, amma ta ƙi.

Ta ce, “Bakin da ya ɗaure, shi zai kwance.”

Washegari da yamma Malam Luka ya dawo a gajiye. Ta bari ya sha ruwa, ya ci abinci. Sannan ta durƙusa a gabansa. Ta faɗi yadda ta cika baki a aji. Ta faɗi yadda ta ɓoye masa maganar fili, da yadda ta wuce zane.

Ya saurare ta har ta gama. Can ya tashi ya ɗauko ampilin, ya kwance bayansa. Ya kira ta ta leƙa. A ciki akwai wani abu kamar faifai na baƙar takarda. Ya ce wannan shi ne maƙogwaron akwatin, shi yake rawa ya ba da sauti. Ga shi ya tsage, tsawon ɗan yatsa.

Ya ce, “Uwata, akwatin nan bai yi miki ƙarya ba. Iyakar ƙarfinsa ya ba ki. Ke ce kika yi masa alkawarin da bai ɗauka ba.”

Ta ce, “Ka yafe mini, Baba.”

Ya ce ya yafe. Amma akwai abu biyu da za ta yi. Za ta taya shi gyara, kuma za ta je da ƙafarta ta faɗa wa Mushe da ƴan ajinsu gaskiya.

Da safe ta ruga kasuwa ta samo ƙaro mai kyau. Ta jiƙa shi, ta tace da ƙyalle. Baba ya yanko siririyar takarda. Ita ta riƙe bakin tsagar da yatsu biyu, ko numfashi ba ta son yi. Shi kuma ya shafa ƙaron da gashin kaza, ya liƙa takardar a hankali. Ya ce sai ya bushe sarai kafin a taɓa shi. Da yake damina ce, zai ɗauki kwanaki. Ko zai yi, ko ba zai yi ba, Allah ne masani.

Ran Asabar akwai biki a gidan maƙwabcinsu. Tun tuni Malam Luka ya yi alkawarin kiɗa. Ya je da gitar kaɗai. Gitar mai waya kuwa, in babu ampili, muryarta kamar ta sauro ce. Mata suka yi ta cewa ba sa ji. Daga baya suka koma tafi da kiɗan ƙwarya, aka manta da shi a gefe. Yarinyar tana kallo daga bakin ƙofa. Wannan ya fi bulala yi mata zafi.

Ran Litinin ta tsaya a gaban aji.

Ta ce, “Na yi ƙarya. Ampilin Baba ƙarami ne. Na cikin ɗaki ne da tsakar gida. Ba zai cika fili ba, ko da bai lalace ba.”

Ta jira dariya, ba ta ji ba. Mushe Alkasum ya ce faɗin gaskiya a gaban jama'a ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce a koma shiri na farko, a yi waƙar a babban aji. Mutari ya sosa ƙeya, ya ce shi ma da laifinsa, don shi ya yi ta zuga ta. Ya ce in ana so zai kawo ƙaramin kalangu, kuma zai kaɗa a hankali.

Ana jibi bikin ƴanci, Malam Luka ya taɓa liƙin ya ji ya bushe. Ya mayar da bayan akwatin, ya haɗa batir. Duk gidan aka taru, har Barira. Fitilu suka yi ja. Ya miƙa wa ɗiyarsa gitar. Ta taɓa tsirkiya ɗaya da ɗan yatsa.

Sauti ya fito garau. Akwai ɗan kaushi kaɗan, kamar na mai mura da ya fara warkewa, amma kiɗa ne sosai. Yarinyar ta ajiye gitar ta zagaye dogon yaro da gudu. Inna Esta ta rangaɗa guɗa.

Ranar ƴanci gari ya tashi da kiɗa ta ko'ina. Sabuwar tuta tana kaɗawa a ƙofar lakwal. Iyaye suka cika babban aji maƙil. Waɗanda ba su samu benci ba suka tsaya a tagogi. Aka ɗora ampili a kan teburin Mushe, kowa yana leƙensa.

Yarinyar ta fito cikin sabuwar rigarta. Ta saita sautin daidai wa daida, ta fara. Bangon aji ya riƙe kiɗan, ya kai shi har bencin ƙarshe. Mutari ya shigo da kalangu a hankali. Yara suka ɗauki waƙa. Kafin a kai tsakiya, tsofaffi sun fara gyaɗa kai. Wata tsohuwa ta miƙe ta taka rawa da sandarta. Da aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa. Sai da aka maimaita waƙar.

Malam Luka yana tsaye a baya da rigar aikinsa, don daga asibiti ya taho. Yarinyar ta kutsa cikin mutane ta same shi. Ya dafa kanta, ya tambaye ta abin da ta koya.

Ta ce, “Kada in faɗi abin da ba haka yake ba don a yabe ni. Kuma kada in ɗora wa abu kayan da ya fi ƙarfinsa.”

Ya ce, “To, kin gama lakwal ta yau. Je ki, ƙawayenki suna jira.”

Ta ruga waje, inda ake raba wa yara alewa da gyaɗa.

Yara, cika baki ba ya ƙara wa mutum girma, kunya yake jawowa. Ku faɗi gaskiya, ku kiyaye amanar kayan da aka ba ku. Ƙaramin abu ma yana da amfani babba, in an sa shi inda ya dace.