Hannun Da Ya Rage A Hoton Tafki

Gobe zan buɗe baje kolin hotunana na farko, duwatsu da fadamu zalla, ba mutum ko ɗaya. Dare ya raba, ni kaɗai a zauren ina buga ƙusoshi.

Hoton tafki ne ya ɓata mini rai. A gefensa ga wani tsoho tsaye cikin ruwa, alhali ranar da na ɗauki hoton ban ga kowa ba. Na ɗora rula, na ja reza, na datse gefen. Tsohon ya faɗa kwandon shara, hannunsa na dama ya rage a hoton.

Sai na ji warin taɓo.

"Mai hoto, sannu da aiki."

Kafin in juya, an damƙi wuyana, an maka fuskata a gilashin wani hoto har ya tarwatse. Jini ya cika mini baki. Tsohon nan ne. Ya danne hannuna a tebur da gwiwa, ya ɗora rular a kafaɗata.

"Baba, me na yi maka?"

"Kar ka motsa, ɗana, kada layin ya karkace."

Na dubi kafaɗarsa ta dama. A datse take sumul, ko ɗigon jini babu. Da hagu ya ɗauki rezar.