Gashin Bakin Soso

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni da hannuna na cika idona da ƙura. Ni fa, da duk layinmu ake ce wa Ɗan Tsokana! Makaranta ma a aji biyar na ajiye ta, don a ganina wayona ya fi ƙarfin allo.

Yayana likitan dabbobi ne. Kullum yana kan babur, yana ratsa daji zuwa garken mutane. Yana da wani babban tabarau mai roba, mai rufe ido ruf. Gefensa kewaye yake da baƙin soso.

Wata rana na same shi ya wanke soson. Da ya bushe, ya ɗiga masa mai kaɗan.

Na ce, "Yaya, soso ma sai an yi masa kwalliya?"

Ya ce, "Shi ne maigadin ido. Iska ta wuce, ƙura ta maƙale."

Na bugi ƙirji. "Ni idona, ko guguwa tsoronsa take ji."

Da yamma ya rataye tabarau a ƙusa, ya shiga wanka. Na ƙura wa soson ido. Kai, sak gashin baki! Na ɓare shi, na shafa gam, na manna a leɓena. Na leƙa ɗakin ƙanwata, na kumbura murya.

"Ina yarinyar da ake yi wa allura?"

Ta kwasa a guje, ta ɓuya a bayan Mama. Na yi dariya har da birgima. Na ɓalle soson na jefa ƙarƙashin gado.

Da safe Yaya ya kira ni.

"Ka daɗe kana naci in kai ka ganin tafki. Yau ce ranar. Na sayi sabon tabarau. Na jikin ƙusa naka ne, kyauta."

Na tuna tabarau ɗin babu soso. Na yi wuf na saka shi, na ɗora hular kwano, kafin ya duba. Muka hau babur.

Muna sauka daga kwalta, wata motar yashi ta shiga gabanmu. Ƙura ta riƙa kwarara cikin tabarau ta kowane gefe. Idona ya ɗauki raɗaɗi.

Yaya ya ce, "Ka ga tafki? Ka ga tsuntsaye?"

Na ce, "Na gani!" Alhali ko hancina ba na gani.

Can na kasa jurewa. "Yaya, tsaya! Idona!"

Ya tsaya a gindin wata bishiya. Ya riƙe hannuna. "Kar ka murza." Ya wanke min ido da ruwan gora har na buɗe. Sannan ya juya tabarau.

"Ina soson?"

"Ɓera ne, Yaya."

Ya kalle ni, ya tuntsire da dariya. "Ashe ɓeran har da gashin baki. Zo ka gaishe shi."

Ya juyo min madubin babur. Ashe sauran gam na nan a leɓena. Ƙura ta manne a kai, ta yi min jan gashin baki, dogo har kumatu.

Na sunkuyar da kai. "Ni ne. Ka yi haƙuri."

Ya naɗe hankici ya toshe gefen tabarau. A hanyar dawowa na ga tafkin da idona, fararen tsuntsaye sun cika bakinsa.

A gida Mama ta yi dariya har da hawaye. Na ba ƙanwata haƙuri. Na rarrafa ƙarƙashin gado, na zaro soson, na wanke, na mayar da shi wurinsa.

Yaya ya miƙo min bokiti. "Ga babur, wanke shi. Ranar Litinin a kansa zan mayar da kai makaranta. Wayon nan naka yana bukatar gyara."

Ƙanwata ta ce, "Da gashin bakin za shi?"

Na ɗauki bokiti ina murmushi. Na koyi darasi: kada ka lalata kayan wani don wasa. Abin da ka raina, wata rana shi zai tsare maka ido.