Wutar Da Ba Ta Sallama

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Harisu ya shigo Yashe da tirelarsa, tana jan ciki kamar jakin da ya ƙoshi da duka. Tun daga Kankiya wata fitila ruwan ɗorawa take ƙifta masa ido a gaban sitiyari. Ya san ciwon. Irin motocin nan ne na zamani masu tukunya a jikin salansa, wadda ke tace hayaƙi. Gas ɗinmu kuwa Allah kaɗai ya san abin da ake garwaya masa, don haka tukunyar ba ta daɗewa take toshewa, motar ta ƙi ja. Maganinta a tsaya, a danna wani maɓalli, injin ya yi ta gurnani shi kaɗai har ya ƙone dattin.

Ya tsayar da ita a bayan gida, gefen tsohon jujin da ake zubar da toka, inda mahaifinsa ya saba ajiye tasa motar. Ya danna, ya sauka ya nufi masallaci. A gidan nan ko ruwan zafi ba a zubarwa da almuru sai da bisimilla, kuma Harisu ya sani sarai. Amma wa ya taɓa yi wa maɓalli bisimilla? Bakin salansar ƙasa yake kallo. Da ya dawo ya tarar da wurin ya ƙone ƙurmus, faɗin faifai, ba hayaƙi ba ƙauri. Ya shuri ƙasar da takalmi ya shige gida.

Kashegari ana kiran magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ke sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Matarsa Kubura ta ɗauki guda, ta yar da sauri tana yarfe hannu.

"Malam, da zafi," ta ce a hankali.

Daga nan kullum sai an yi. In jifan ya lafa, sai a ji muryar mace daga wajen juji tana rarrashin yaro, yaron kuwa ba a taɓa jin kukansa ba. Ran nan aka aiki 'yarsu Murja zubar da toka, yarinyar da surutunta ke hana kowa sakat. Ta dawo ba kasko, ta zauna a gaban murhu, ta sa hannu ta ɗauko garwashi tana kallonsa. Tun ranar ba ta ƙara cewa uffan ba. A asibiti aka ɗaure ƙunar, aka ce ban da ita ba a ga komai ba.

Harisu ya so ya ji tsoro, ko ya yi kuka kamar Kubura, abin ya ƙi zuwa. Zuciyarsa ta daskare. Ya ci tuwo bai san ya ci ba, ya zauna yana kallon 'yarsa tana ramewa a kan tabarma.

Aka ɗauko Malam Dabo daga Kunduru, tsoho ne mai ƙaramar murya wanda ya daɗe yana ruƙiyya. Ya zauna bayan la'asar ya kama karatu, bai tsaya ba har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai Murja ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta babbar mace ce wadda ta gaji.

"Bari ƙona ni, Malam. Wanda aka yi ya isa."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Tun kakan wanga mutum nike cikin jujin ga. Ko allura ban taɓa ɗaukar masu ba."

"To mi ya kawo jifa?"

"Motar ubanshi baƙin hayaƙi gare ta. Tun daga nesa muke hange, mu kwashe ɗiyanmu. Wagga ba hayaƙi, ba wari. Ɗana shina kwance cikin toka, ya ji ɗumi, ya ƙara matsawa."

Harisu ya tuna ƙasar da ya shura da takalmi.

"Ya yi rai?" in ji Malam.

"Bai yi ba. Ɗiya nike so a madadin ɗa."

"Ke musulma ce?"

"Musulma nike."

"To kin san kisan kuskure ba a rama shi da rai. Diyya ake biya."

"Mi zan yi da shanunku?" in ji ta. "Motar ta koma yin hayaƙi, dangina na kan kowace hanya. Yarinya kuma in bar maku ita, amma in tahi da jin zahin jikinta. Ita ma wuta ta zo mata ba sallama."

Malam ya ce bai yarda ba, ya koma karatu har muryarsa ta dushe. Maƙwabciyar ta sassauta, ta sauko daga jiki duka zuwa ɓari guda, daga nan zuwa hannun dama, wuyan hannu zuwa yatsu. A nan ta kafe, ta ce ko za a ƙone ta ƙurmus ba ta ragewa. Malam ya dubi Harisu. Harisu ya dubi hannun, ya gyaɗa kai. Murja ta yi atishawa, ta faɗi, ta farka tana neman ruwa.

Jifa ya ɗauke. Wani bakanike a Kankiya ya yanke tukunyar, ya taɓa ƙwaƙwalwar motar, ta dawo tana ja kamar ba ta taɓa ciwo ba, tana tuttula hayaƙi baƙi ƙirin. Murja ta koma surutunta. Harisu kuwa ya samu sabon aiki a gida, duk inda ta miƙa hannu yana bayanta yana cewa, "Da zafi, Murja."

Amma direba ba ya zama. Ranar da zai ɗauki hatsi zuwa kudu, ya kawo motar ƙofar gida da safe, ya hau ya tayar. Ta zaure ya hango Murja ta durƙusa gaban murhu, tana miƙa hannun dama ga murfin tukunyar koko, Kubura kuma ta ba da baya. Ya leƙo ta taga ya ce da zafi. Ko shi bai ji muryarsa ba saboda ƙarar injin, hayaƙin kuma ya riga ya rufe ƙofar gidan.