Baƙaƙen Kaya a Daren Farare

"Takardun jiragen ruwa uku ka jera mini a kan tebur, Declan. Duk cikinsu ka rasa wanda za ka zaɓa sai wannan?"

A lungun ƙofar ɗakinmu na tare shi, ina magana ƙasa-ƙasa don kada Gwaggo ta ji. Yanzun nan aka gama shela a lasifikar jirgi cewa yau ne daren fararen kaya, kowa ya fito cin abinci da fari daga sama har ƙasa. Ni kuwa ga ni tsaye cikin baƙi, da tabarmar makoki ɗaure a ƙuguna.

"Wallahi ban gani ba, Lupe. Komai na karanta..."

"Ka karanta faɗin gado, ka karanta nisan ɗaki da lif ɗin hawa bene, amma wannan ya wuce ka?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa, duk tabon wayar lantarki. Tausayinsa ya kama ni, sai na ƙara jin haushin kaina.

Declan shi ne mutumin da na so tun ina makarantar koyon jinya. Har an sa mana rana Baba ya faɗi a wurin aiki a Sydney, bai sake tashi ba. Muka kai shi gida Tonga aka binne. A wajenmu idan uba ya rasu, maganar 'yar'uwarsa ce magana. Gwaggo Meleane, yayar Baba, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ita ta yanke mini gashi da hannunta, ita ta ɗaura mini tabarmar da muke kira ta'ovala, kuma ita kaɗai za ta ce a cire. Sai ta ce, sannan a yi zancen biki. Watanni suka yi ta wucewa, ba ta ce ba.

Shi kuma Declan ya samu aiki a Darwin, can nesa da Sydney, ya roƙa an ɗaga masa ranar farawa, ya sake roƙa an ɗaga. Na uku babu. Da zarar jirgin nan ya mayar da mu Sydney zai tafi, ko da ni ko ba ni.

Tafiyar ma dabararsa ce. Gwaggo ta rantse ba za ta sake hawa jirgin sama ba tun da ta zauna a cikinsa gawar ƙaninta tana ƙasa cikin akwati, ga shi kullum zancenta kabarin. Sai Declan ya zauna ya yi ta gwada kamfanonin jiragen shaƙatawa kamar mai shirin jarrabawa. Na farko sabo ne fil, amma kiɗa da ihun yara tun safe, ya ce hawan jinin Gwaggo ba zai ɗauka ba. Na biyu na dattawa masu hali ne, shayi da la'asar, shiru kamar coci, ni shi na so, sai dai daga Fiji yake juyowa, ba ya kaiwa Tonga. Na ukun tsoho ne, ɗakunansa ƙanana, abincinsa ba yabo ba fallasa, amma shi kaɗai ne zai tsaya yini guda a Nuku'alofa, babban birnin Tonga, inda kabarin yake. Shi ya zaɓa, yana murna kamar ya tsinci dami a kala.

Ɗakin da muka samu ni da Gwaggo ko taga babu. Gado biyu, tsakaninsu faɗin mutum ɗaya a karkace. Ban san safiya ba sai na duba waya. Ina juyi tana ji, ina share hawaye tana ji. In na fita, duk inda na duba ruwa ne. A Sydney in raina ya ɓaci nakan hau bas in yi ta tafiya, a nan iyakar guduna daga gaban jirgi zuwa bayansa.

Declan kuwa hidima yake yi ba ji ba gani. Ƙafafun Gwaggo na kumbura, takan cire takalmi idan ta zauna shan iska a sama, sai ya ɗauko wata tsohuwar tabarmarsa ta zuwa bakin teku, duk ta yayyage, ya riƙa shimfiɗa mata a ƙarƙashin ƙafa. Kullum sai ta taka, ko sau ɗaya ba ta ce sannu ba. Sunansa ma ba ta kira, sai dai ta ce mini, "Yaron nan naki mai gyaran wuta."

Na koma ɗaki na ce mata yau a kawo mana abinci nan, kaina na ciwo. Tana zaune bakin gado tana gyara igiyar tabarmarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba kanki ke ciwo ba. Kunyar makokin ubanki kike ji."

"Gwaggo, kowa fari zai sa. Kallonmu za a yi ta yi..."

"Su kalla. Ƙanena ne ya mutu, ba sata na yi ba. Tashi."

Haka na tashi. Rana ba ta gama faɗuwa ba muka shiga ɗakin cin abinci, ina riƙe da hannunta. Ɗaruruwan mutane, kowa fes cikin fari, har da masu farar hula da furanni, mu biyu muna ratsa su kamar ƙudaje a ƙwaryar nono. Wata mata ta matso da fara'a tana tambaya ko kayan rawa ne, za ta iya ɗaukar hoto? Mai gabatarwa ya hango mu, ya ce cikin lasifika ga 'yan tawayen bana sun iso, aka yi dariya aka tafa. Ba mugunta suke nufi ba, na sani, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. To ina ƙasar ma take?

Muka isa teburinmu, sai zuciyata ta yanke. Declan na tsaye yana ja wa Gwaggo kujera, sanye da farar riga da farin wando. Daga baya ya ce mini ya ɗauka ba za a bar shi ya shigo ba in bai sa ba, kuma ba ya so mu zauna mu kaɗai. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne ya tsaya a ɓangarensu.

Gwaggo ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta zauna. Ta juyo gare ni, ta yi magana da harshen da zai ji, da gangan.

"Wannan ne za ki bi ki bar mu? Biki ya zo yi."

Fuskarsa ta yi ja. Ya juya ya fita ba tare da ya kalle ni ba.

Aka kawo miya, ban iya ɗaga cokali ba. Ina son in bi shi, ina son in zauna, duka biyun da gaske nake so. Matar nan ita ta goya ni, ita ta sayar da tabarmin aurenta na je makaranta. Shi kuma in ya tafi Darwin shi kaɗai, na san zuciyata ya tafi da ita. Na zauna ina kallon kujerarsa, ina cewa a raina shi ke nan, an gama.

Ana kwashe kwanonin miya na ji hayaniyar ɗakin ta sauya. Wasu na dariya, wasu sun yi shiru. Na ɗago.

Declan ne ke tahowa tsakanin tebura cikin baƙar kwat. Na gane ta nan take, kwat ɗin aurenmu ce, wadda muka zaɓa tare kafin rasuwar Baba, ashe ya taho da ita a ɓoye. A ƙugunsa kuma ya naɗa tsohuwar tabarmar nan tasa, tun daga ƙirji har gwiwa, zare na reto, yashi na zuba. Da wayar cajin waya ya ɗaure ta. Tafiya yake da ƙyar kamar an naɗe shi za a aika da shi.

Ya zo gaban Gwaggo, bai ja kujera ba. Ya durƙusa ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafafu, kamar yadda ya ga maza sun yi a gidan makoki.

Gwaggo ta sunkuyo ta dubi tabarmar.

"Ka san abin da ka ɗaura kuwa?"

"Tabarmar da kike takawa ce, Gwaggo."

"Na gan ta. Tambayarka nake ko ka san ma'anarta."

Ya ce, "A jana'izar Baba na tambaya me ya sa wasu suka ɗaura masu kyau, wasu yagaggu. Aka ce wanda ya fi kowa ƙasa a gaban mamaci shi ke ɗaura wadda aka fi takawa. Na duba gidan nan kaf, ban ga wanda ya fi ni ƙasa ba."

Na toshe bakina da hannu, hawaye na bin yatsuna.

Gwaggo ta miƙa hannu ta taɓa wayar cajin, ta ja ta kaɗan. Kafaɗunta suka fara girgiza, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ban ji ba tun Baba na da rai, tana yi hawaye na zuba.

"Da waya... Da ubanki ya ga wannan, Lupe, da sai an ɗauke shi daga ƙasa don dariya."

Ta share ido da bakin mayafinta, fuskarta ta koma yadda take.

"Baƙo ba ya ɗaura wannan. Baƙo mai kyau ake ba shi, a zaunar da shi a inuwa. Wannan ta 'ya'yan gida ce." Ta nuna kujera da haɓa. "Tashi ka ci abinci, Declan. Gobe da sassafe kai za ka share kabari."

Ranar ce ta fara kiran sunansa.

Washegari jirgi ya tsaya a Nuku'alofa. Declan ya share kabarin Baba, ya cire ciyawa, ya ɗebo sabon farin yashi ya zuba, gumi ya jiƙa kwat ɗin sharkaf. Gwaggo ta zauna a gefe tana yi wa ƙaninta hira kamar yana ji, har labarin wayar caji sai da ta ba shi. Da ta gama ta kira ni, na durƙusa gabanta. Yatsunta suka lalubo ƙullin igiyar da ke ƙuguna, ta kwance shi a hankali.

Na riƙe hannunta na ce, "Ke fa, Gwaggo? Wa zai zauna da ke?"

"An ce Darwin akwai zafi kamar gida. Ku nema mini ɗaki mai taga."

Ta naɗe tabarmata ta ɗora a cinyarta. Tata kuwa ba ta cire ba, ta ce ita da sauranta.