Tagwayen Kwinin

"Ke kika ɓoye shi, don kada ƙaryarki ta fito a kotu!"

"In ɓoye abin da ya fitar da sunana? Haba Dokta, girma fa!"

A haka Sufeto Agbodjan ya same su a ɗakin gwajin magani da ke Kwatano: Dokta Zinsou, shugaban ɗakin, da Fifame, wadda shi ya koya mata aikin.

"Me aka sace?" ya tambaya.

"Bututun tacewa," in ji Fifame. "Bai fi biro ba, kuma shi kaɗai gare mu."

Ta yi masa bayani. Kwinin yana da ɗan'uwa, kwinidin. Nauyinsu ɗaya, kamarsu ɗaya, sai dai shi zuciya yake taɓawa. In an tura magani cikin ruwa ta bututun, ɗaya kan riga ɗaya fita, kowanne ya zana tudunsa a allon inji. Shekara shida Zinsou yana ganin tudu ɗaya a allon tsohon injinsu. Ita ta gyara tsamin ruwan, tudu ya rabu biyu: ashe akwai kwinidin a kwinin da ake sayarwa. Gobe za ta maimaita gwajin a gaban masanan kotu. In babu bututu, maganin da ya kashe yara biyu zai koma kasuwa.

Sufeto ya duba injin. An wanke shi tas, an haɗe bakin tiyo biyun da bututun ya bari.

"Ɓarawon nan akwai tausayin inji," ya ce. "Dokta, ka taɓa shi?"

"Ni? Tun da yarinyar nan ta fara shirmenta ban kusanci kwinin ba."

"Madam, yaya ake gane kwinin da ido?"

Fifame ta ja labule, ta kunna fitilar gwaji. Kwinin, in ji ta, shuɗi yake haskawa. Sufeto ya karɓa, ya bi farar rigar Zinsou da ita. Aljihun ƙirji, inda ake saka biro, ya yi shuɗi.

Zinsou ya zauna. Can ya jawo aljihun tebur. Ga bututun, an toshe bakinsa biyu da kyau don kada ya bushe.

"Na buɗe taga zan jefa shi kwata," ya ce. "Hannuna ya ƙi. Ni na koya mata riƙe kwalba, Sufeto. Yanzu in baƙi sun zo, ita suke tambaya."

"Yaran biyu fa?" in ji Sufeto.

Zinsou ya miƙo hannuwansa biyu.

An sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo ya dubi allon, sannan ya dube ta.

"Fifame. Ruwan nan... me kika zuba a ciki da ni ban zuba ba?"