Inda Dodon Koɗi Ya Fi Ƙiba

Rana ta kusa faɗuwa Kolab ta tsayar da kwalekwale inda mijinta Chhorn ya nuna. Ta san wurin.

Da damina, in ruwan tafkin Tonle Sap ya shanye ƙasa, a kan bishiya ake ajiye mamaci, sai ruwa ya janye a ƙona shi. Amma da uwar Kolab ta rasu, Chhorn ya ce ba zai ɓata yini guda a kan tsohuwar da tarinta ya hana shi barci shekara uku ba. Ya ɗaura wa gawar mataccen injin kwalekwale, ya tura ta ruwa a nan. Mugu ne, kuma yana alfahari da hakan.

"Ba nan ba, maigida," ta ce a hankali.

"Nan dodon koɗi ya fi ƙiba. Uwarki ta ci shinkafata, yau ranar ramuwa ce."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa mata ɗaya bakin, ya shiga ruwa har ƙirji da manjagarar ƙarfe. Jan farko ya cika kwando. Manya-manya, baƙaƙe, jajayen tsutsotsi na mutsu-mutsu a tsakaninsu. Warin laka ya tashi, a bayansa kuma ƙamshin man zafin da Inna, uwar Kolab, ke shafawa a ƙirji.

Kwaɗi suka yi tsit.

Dodon koɗin cikin kwando suka fara haɗuwa, ƙwas, ƙwas. Suka zama hannu mai yatsu biyar, ɗaure da jan zaren da Inna ba ta taɓa cirewa ba.

Aka yi tari a ƙasan ruwa.

Chhorn ya ƙame. Dodon koɗi na hawansa, daga ciki har wuya, laka na haɗiye ƙafafunsa.

"Ja ni, Kolab. Ja igiyar, 'yar banza."

Ta ja har tafinta ya sale. Kwalekwale ya karkata, yana shan ruwa. Sai hannun ya dafa nata, sanyi ƙalau.

"Saki, 'yata," aka raɗa mata. "Yunwa suke ji."

Ta saki. Ruwa ya rufe kan Chhorn.

Bana ba wanda ya kai Kolab samun dodon koɗi, duk daga wurin nan. Tana dafawa da gishiri da barkono ta sayar, amma ko ɗaya ba ta kaiwa bakinta. Uwar Chhorn, wadda ta riƙe masa fitila ranar da ya ɗaura injin, ta fi kowa saye. Ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba.

Kolab takan ƙara mata gyara.