Layuka Huɗu a Takardar Goggo

Hamna ta daɗe tana kallon 'yan takardun nan biyu a kan teburin Sista Lucy a asibiti.

AS. AS.

Sakamakon jininta ne da na Hamma Njidda, ɗan goggonta, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure.

"Zauna mana," in ji Sista Lucy. "Ke kika fi kowa sanin abin da yake nufi."

Ta sani kam. Tun daminar 1996 da likitocin bincike suka zo Jalingo suna bin sawun ciwon sikila a cikin dangi, ita ce tafintarsu. Ita ke zana zuriyar kowane gida: mace da'ira, namiji ɗan akwati, yaron da ya rasu a ja masa layi. Gidan da aka ga layuka, nan ake fara ɗibar jini.

Takardar Goggo Asta, mahaifiyar Njidda, ba layi ko ɗaya.

"'Ya'yana uku ne, duk lafiya," Goggo ta ce ranar, idonta a ƙasa.

Da wannan Hamna ta kwantar da hankalinta ta amince da baiko, alhali ta san nata jinin. Njidda kuwa da wasa ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ranar da ya zo ɗaukar ta a babur.

Da la'asar ya same ta a gindin mangwaron asibiti.

"Ɗa ɗaya cikin huɗu ne fa ke zuwa da sikila, Hamnata. Uku namu ne."

"Ba haka yake ba, Hamma. Kowane ciki da nasa rabon."

"A gidanmu wa ya taɓa yi? Ba ke kika zana ba?"

Har ta fara yarda...

Washegari sai ga Goggo Asta a ofis, ita kaɗai, ta rufe ƙofa da kanta.

"Ɗauko takardar nan tawa."

Hamna ta ɗauko.

"Ran nan a gaban baƙi kika tambaye ni. Mu ba ma ƙirga waɗanda suka tafi, ke ma kin sani."

"Goggo..."

"Ƙara huɗu. Maza uku, mace ɗaya. Hannu ya kumbura, ido ya yi rawaya, kuka har murya ta dushe. Ba wanda ya kai shekara biyar."

"Hamma bai sani ba?"

"Biyu kafin a haife shi. Biyu yana wurin kakarsa a Lau, aka ce masa zazzaɓi ne."

Hamna ta zana su. Goggo ta karɓi fensirin, ita da ba ta taɓa riƙe shi ba, ta ja layukan da kanta, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wadda nake so a ɗakin Njidda kamar ke, 'yar ƙanina. Shi ya sa na zo."

Da aka tashi aiki Njidda na waje a kan babur, da ƙullin rake a leda.

"Hau mu tafi, amarya."

Ta miƙa masa takardar a ninke, zoben baikon na ciki.

Ya buɗe. Ya bi layukan da yatsa, karkatattu, ba irin zanen Hamna ba.

"Wa ya ja waɗannan?"

"Goggo."

Ya sake kallon takardar.

"Ko sunansu ban sani ba," ya ce a hankali.

"Ni kuma ba na so in san na namu, Hamma. Ka yafe mini."

Bai tayar da babur ɗin ba. Tura shi ya yi da hannu har bakin titi, tana tsaye tana kallo, ledar raken na lilo a jikin madubi.